Tamale: Yadda Aikin Gayya Ke Ceton Kasuwa Da Kaɗanya

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke kaya a Aboabo cikin watan Agusta ya san abin da muke nufi idan muka ce ruwan sama a Tamale ba ya sallama. Hadari zai haɗu da la'asar, kafin mai rumfa ya gama jawo tamfol ruwa ya cika kwata, ya tumbatso da ledoji da ɓawon doya, ya bi ƙarƙashin buhunan masara da gyaɗa. Washegari sai lissafin asara. Wasu su ce laifin hukuma ne, wasu su ce ƙaddara ce, amma idan muka leƙa cikin kwatar sai mu tarar yawancin abin da ya toshe ta daga hannunmu ya fito: baƙar ledar da muka ƙulla wa mai saye tumatir da ita, da ledar ruwan da muka sha muka yar.

Tamale dai ita ce hedikwatar Yankin Arewa na ƙasar Gana, kuma mahaɗar hanyoyin da ke zuwa Kumasi ta kudu, da Bolgatanga da Paga ta arewa, da Yendi ta gabas. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna cewa mutum sama da dubu 370 ne ke zaune a ƙaramar hukumar birnin kaɗai, ban da Sagnarigu da ta riga ta haɗe da shi. Garin da ke bunƙasa haka, sharar sa ma bunƙasa take yi. Akwai babban juji a Gbalahi da ke gabashin gari, akwai kuma kamfanin Zoomlion da aka kafa a 2006 wanda motocinsa ke kwasar shara, to amma babu motar da za ta shiga kowane lungu na Zongo, kuma babu ma'aikacin da zai bi bayan kowane mai saye yana tsintar leda.

Wannan ne ya sa jama'a suka koma ga abin da kakanninmu suka sani, wato aikin gayya. Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2014 annobar kwalara ta kama mutum fiye da dubu 28 a Gana, ta hallaka sama da 200. A watan Nuwamba na shekarar ne gwamnati ta ware Asabar ta farkon kowane wata domin tsabtace muhalli. Abin ya riƙa tashi yana faɗuwa kamar yadda al'amuran gwamnati suka saba, amma a unguwannin da masu unguwa da limamai da magajiyoyin kasuwa suka riƙe shi da hannu biyu, bai mutu ba. Samari kan fito da shebur da manjagara da baro, mata su zo da tsintsiya, masu babur mai ƙafa uku da ake kira motokin su kwashe abin da aka yashe. Darasin da muka koya shi ne, yashe kwata a watan Afrilu kafin ruwan farko ya fi yashe ta sau uku a tsakiyar damina, kuma duk dattin da aka yashe aka bari a bakin hanya, ruwa na gaba zai mayar da shi inda ya fito.

Maganar leda kuwa ta shafi duk mai tsallaka iyaka. Nijar da Burkina Faso sun yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa tun a 2014, Ruwanda ta riga su a 2008, Kenya ta biyo baya a 2017. Kowa ya san yadda ledar ke ci gaba da yawo a kasuwanninmu duk da dokokin, domin doka ba ta tsayawa a bakin rumfa. Mai rumfa ne ke tsayawa. Mahauta kuma shaida ne kan irin dunƙulen ledar da suke tararwa a tumbin akuya da saniya, kuma dabbar da ta cika ciki da leda ramewa take yi komai dusar da aka ba ta. Ke nan dillalin dabbobi ma yana biyan kuɗin ledar da mai tumatir ya bayar kyauta.

Sai dai babbar maganar ba a cikin gari take ba, tana daji. Duk wanda ya bi hanyar Buipe ko Damongo ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran manyan motocin da za su kai su Kumasi da Akara. Masu sana'ar sun fi son ice mai nauyi wanda garwashinsa ke daɗewa, kuma kaɗanya na cikin waɗanda suka fi so. Ga inda gizo ke saƙar: kaɗanya kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, daga nan kuma ta yi ta bayarwa har jikoki da tattaɓa-kunne su ci. Mai gatari kuwa cikin yini guda zai kayar da ita, ya samu 'yan buhuna, ya kashe kuɗin kafin wata ya ƙare.

Matan ƙauyukan da ke kewaye da Tamale su ne suka fi jin zafin wannan sara. Daga watan Mayu zuwa Agusta sukan fita da asuba tsintar 'ya'yan kaɗanya, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon amfani bai iso ba. Su dafa, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, su yi ta bugu da hannu har mai ya taso. Da kuɗin nan ake biyan makaranta da asibiti da cefane. Man kaɗe kuma ya daɗe da wuce kasuwar ƙauye. Tun shekarar 2000 Tarayyar Turai ta amince a sa har kashi 5 cikin 100 na wasu mayukan itatuwa a cakulan, ciki har da na kaɗanya, ga kuma kamfanonin man shafawa. Darajar ƙwarar ta kai har Burkina Faso da Mali suka dakatar da fitar da ita ɗanya a 2024, Nijeriya ma ta yi haka a watan Agusta na 2025, kowace ƙasa tana so a sarrafa ta a gida. Duk ɗan kasuwar Bawku ko Paga ko Sinkase ya ga yadda waɗannan matakai suka motsa farashi da hanyoyin kaya. To abin da ƙasashe ke rufe iyaka a kansa, shi ne muke ƙonawa mu dafa shayi.

Ba a zauna an naɗe hannu ba. A 2021 sarakunan Yankin Savannah suka haramta sare itatuwa da ƙona gawayi na kasuwanci a ƙasarsu, bayan ɓarnar da aka yi wa madobiya, wadda aka riƙa lodawa a kwantena ana kaiwa ƙasar Sin duk da hanin da gwamnati ta sha yi. A watan Fabrairun 2022 aka ƙaddamar a nan Tamale da wani shiri na farfaɗo da dazukan kaɗanya, wanda Hukumar Gandun Daji ta Gana ke gudanarwa tare da hukumar UNDP da ƙungiyar Global Shea Alliance, da tallafin kimanin dala miliyan 30, da nufin dasa kaɗanya miliyan 1.75. An kuma fara ranar dashen itatuwa ta ƙasa ranar 11 ga Yuni, 2021 da burin dasa miliyan 5, inda makarantu da masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin samari suka karɓi tsirrai kyauta.

To amma mu da muke zaune a nan mun san dasawa ba ita ce wahala ba. Daminarmu guda ce, daga Mayu zuwa Oktoba, sannan hunturu ya shigo, sannan zafin Maris da kan kai digiri 40. Tsiron da aka dasa aka ɗauki hoto aka tafi, akuya ce za ta yi karin kumallo da shi, in ya tsira daga akuya kuma wutar daji ta same shi. Wanda ke rayuwa shi ne wanda aka danƙa wa wani mutum takamaimai, aka kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, ake zuba masa ruwan alwala ko na wanke-wanke har ya ga damina ta biyu.

A nan ne ya kamata mu waiwayi 'yan'uwanmu na Maraɗi. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa a gona ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, kuma saiwarsu na nan da rai. Sai aka fara zaɓar toho biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Manoman Nijar suka ba abin suna sassabin zamani, kuma an ƙiyasta ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili hekta miliyan 5. Ƙungiyar World Vision ta kawo dabarar gundumar Talensi kusa da Bolgatanga a 2009. Ba ta buƙatar tsiro ko ban-ruwa, wuƙa ko lauje kawai take so, sai kuma yarjejeniyar gari cewa ba za a cinna wuta ba.

Wutar daji kuwa dattawanmu ba su manta da ita ba. A 1983 fari da gobarar daji suka cinye gonakin Gana, a daidai shekarar da kimanin mutum miliyan guda suka dawo daga Nijeriya, aka sha yunwar da har yau ake ba da labarinta. Dokar hana ƙona daji ta 1990 tana nan, amma duk rani sai an cinna wuta domin farautar gafiya ko neman sabuwar ciyawa. Kaɗanya kuma a cikin rani take fure, don haka wutar Janairu ita ke rage kwandon mai tsinta a Yuni.

Haka maganar ruwan sha take. Ruwan famfon Tamale daga kogin Farin Volta ake jawo shi, a tace a Dalun, kuma masu haƙar yashi a Nawuni da masu sare itatuwan bakin kogi suna ƙara masa laka. Duk lokacin da famfo ya ƙafe, jama'a tafki suke komawa, kamar yadda ya faru kafin ɓarkewar kurkunu a Savelugu a 2007. Gana ta rabu da cutar, inda aka ga mai ɗauke da ita na ƙarshe a 2010, kuma masu aikin sa-kai na ƙauyuka da suka bi gida-gida da ƙyallen tace ruwa suna da kaso babba a wannan nasara.

Saboda haka kiranmu ga 'yan kasuwa mai sauƙi ne. Kowace ƙungiya, ta masu hatsi ce ko ta masu albasa ko ta direbobi, ta ɗauki kwatar da ke gaban layinta ta zama tata. A ajiye buhu guda a kowace rumfa domin ledar ruwa, tunda akwai masu saye a kan kilo. A ƙarfafa wa mai saye ya zo da kwando ko jaka. Mai sayen gawayi ya tambayi icen da aka yi shi da shi, ya ƙi na kaɗanya da ɗorawa. Wanda kuma ya samu riba a kakar kaɗanya ya dasa ko da darbejiya biyu ce a tasha, ya biya yaron da zai ba ta ruwa.

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Damina na tafe, kwatar Aboabo na jiran shebur. Allah Ya ba mu ikon fitowa, Ya kuma sa albarka a kasuwa.