"Da Sauƙi" Ba Amsa Ba Ce a Gaban Likitan Kansa

Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon daji, wato kansa, asibiti ya san yadda abin yake. Likita ya ɗago kai ya ce, "Baba, ya jiki?" Baba kuwa ya kwana uku bai runtsa ba, ko kunu ba ya zama a cikinsa, amma sai ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Likita ya rubuta, a kira na gaba. A zaure wannan amsa tarbiyya ce. A ɗakin likita tana iya jawo wa mutum wahalar da za a iya kauce mata.

Gwajin jini da hoto suna nuna girman ƙari da yadda magani ke cinsa. Ba sa nuna cewa mace ta daina iya tsugunawa ta yi alwala, ko yatsunta sun fara mutuwa saboda kemo, maganin kansar da ake ba ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa masana suka tsara takardun tambayoyi da marar lafiya ke amsawa da kansa, a mayar da amsoshin maki. Fitacciya a cikinsu ita ce ta ƙungiyar binciken kansa ta Turai, EORTC, wadda aka fitar a 1993. Tambayoyi 30 ne: shin ɗaukar kaya mai nauyi yana ba ka wuya, kana barci, kana amai, ciwon ya taɓa aljihunka? Yawancinsu a kan makon da ya wuce ake tambaya, a lissafa makin daga 0 zuwa 100. Akwai kuma ta Edimonton a Kanada, mai sauƙi, inda za ka ba kowace damuwa lamba daga 0 zuwa 10.

Wani zai ce ai cika takarda ba magani ba ne. To, a asibitin Memorial Sloan Kettering na Niyok, Dakta Ethan Basch da abokan aikinsa sun raba mutum 766 masu kansar da ta bazu gida biyu. Kashi ɗaya suka ci gaba da ganin likita yadda aka saba. Ɗaya kashin suna shigar da bayanin alamomi 12 ta kwamfuta, da zarar wata alama ta tsananta sai saƙo ya je wa ma'aikatan jinya. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna matsakaicin tsawon rayuwar masu ba da rahoto wata 31 ne, na sauran wata 26. Wata biyar ke nan, ba tare da sabon magani ba. Sun kuma fi jure kemo, kuma zuwansu sashen gaggawa ya ragu. Ba wani sirri: gudawar da aka tare yau ba ta kai mutum ga ƙarin ruwa jibi.

Sai dai a lura, ba takardar ce ta yi aikin ba, wanda ya karanta ya kira waya ne. Asibitin da zai karɓi amsoshi ya jibge a fayil, ɓata wa marar lafiya lokaci kawai ya yi.

Ko asibitinku ba ya ba da irin wannan takarda, littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. Kullum a rubuta kwanan wata, da boko ko da ajami, a ba zafin ciwo, kasala, tashin zuciya, barci da cin abinci lamba daga 0 zuwa 10, a tafi da shi ranar ganin likita. Mai jinya yana iya riƙe biro, amma amsa daga bakin mai ciwo za ta fito. Na sha ganin babban ɗa ya karɓe zance, uwa tana zaune shiru, alhali abin da ke damunta, bayan gida ne ko jini, ba za ta faɗa a gabansa ba. A irin wannan hali ya ɗan ba su wuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wasu suna rage lamba da gangan, don tsoron kada a dakatar musu da maganin da aka sayar da gona aka saya. Sau da yawa abin da likita zai yi shi ne ya ƙara maganin amai ko na zafi, ya rage awo, ko ya ɗaga zagaye na gaba da 'yan kwanaki. Maki mara kyau kuma ba hukuncin ajali ba ne, labarin mako guda ne.

Abu ɗaya ne ba a jira da shi a littafi. Kemo yana karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, don haka idan mai karɓarsa ya yi zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni, ko sanyi ya kama shi yana karkarwa, kada a tsaya a kemis neman maganin maleriya. A wuce asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, a gaya musu tun daga ƙofa cewa yana kan kemo.