Wa Ya Huda Idanun Mutumin Nok?

A 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan mutum na gasasshen yumɓu a Jos. An tono shi ne wajen haƙar kuza a yankin Jama'a, har wani ya kafa shi a gonar doya yana yi masa gadi. Fuska ce, amma ba ta kowa ba: idanu masu kusurwa uku, gira a tanƙware, a tsakiyar kowane ido kuma ga huda zagayayyiya. Manyan kawuna irinsa da aka ci gaba da tonowa, waɗanda ake kira kawunan Nok, galibi haka suke, har hanci da kunne a huje. Sun haura shekara 2,000. To, wa ya huda su?

Ko digar masu haƙar kuza ce? Duba bakin hudar, sumul yake. Tun yumɓun yana ɗanye aka yi ta. Ke nan mai ginin ne da kansa.

Wataƙila a fuska ake sawa, a leƙa ta ciki? Ina! Yawancin kawunan nan daga jikin cikakken mutum-mutumi suka karye, ga wuyan nan a guntule. To ko gurbin duwatsun ado ne da suka zube? Ido dai mun ji. Hancin fa?

Leƙa ta wuyan. Ciki fayau. Babu komai.

Ashe tukunya ce! Da naɗin yumɓu aka ɗaga ta, hawa kan hawa, yadda ake ginin tulu. Tambayi duk mai ginin tukwane abin da ke faruwa in an rufe ɗanyen gini ruf aka cinna masa wuta. Danshi ya zama tururi, iskar ciki ta kumbura, ta nemi hanya ta rasa, sai ka ji tas! Aikin kwana da kwanaki ya tashi a banza. Bayanin da masana suka fi karɓa ke nan: hudojin ƙofar fitar zafi ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne wurin da mai ginin kan ya zaɓa. Da ya so, da ya huda ƙeya, inda ba mai gani. Sai ya kai tsinkensa ƙwayar ido, duhun cikin kan ya cike gurbin, fuskar ta samu kallo mai kaifi ba tare da ɗigon fenti ba. Je ka gidan tarihi na Jos, wanda Fagg ya kafa a 1952, ka tsaya gaban ɗaya, mu ga wanda zai fara kawar da kai.