Gudun Mota: Kilomita a Awa da Mita a Sakan

A bakin manyan hanyoyinmu akwai alluna masu lamba. Wani an rubuta masa 50, wani 80, wani 100. Yanzu da muka iya karatu ba mu wuce su kamar da, mu kan tsaya mu karanta. To, amma karanta lamba daban, sanin abin da ta ke nufi daban. Lambar nan tana gaya wa direba iyakar gudun da aka yarda ya yi a wurin. In an rubuta 80, watau kada ya wuce kilomita 80 a awa ɗaya.

A gaban direba kuma akwai wani abu kamar agogo, mai allura. Shi a ke kira maleji. In direba ya taka totur allurar ta hau, in ya saki ta sauko. Lambar da allurar ta nuna, ita ce gudun motar a wannan lokaci. Dattawa za su tuna da can da mil a ke auna hanya. A shekarun 1970 aka koma awon kilomita a Nijeriya. Mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi kaɗan.

Awon kilomita a awa yana da amfani ga matafiyi. Daga Kaduna zuwa Zariya kamar kilomita 80 ne. Motar da ta riƙe 80 ba tsayawa, cikin awa ɗaya ta isa. Wanda ya biya kuɗin mota ya zauna a ciki, wannan lissafi ya ishe shi. Amma mu da gidajenmu ke wannan gefen kwalta, gonaki da rijiya da makarantar yara suna wancan gefe, ina ruwanmu da awa? Ba wanda ya ke yin awa guda yana ƙetare hanya. Abin da ya dame mu shi ne: motar can da muka hango, taki nawa za ta ci kafin mu ɗaga ƙafa mu sauke? Don wannan mu ke bukatar ƙaramin ma'auni, watau mita a sakan.

Mita ɗaya shi ne yadin da a ke auna tufa da shi a kasuwa, a ƙara masa faɗin tafin hannu. In dogon mutum ya buɗa ƙafa ya yi taki ɗaya, ya yi kusan mita. Mita 1,000 su ne kilomita ɗaya.

Sakan kuwa, ku dubi agogo mai hannu uku. Siririn hannun nan da ke tsalle ba hutawa, kowane tsalle nasa sakan ɗaya ne. Waɗansu su kan ce daƙiƙa. Sakan 60 minti ɗaya, minti 60 awa ɗaya. To, sakan nawa ke nan a cikin awa? 60 sau 60, ya zama 3,600. Ku riƙe lambobin nan biyu, 1,000 da 3,600. Duk lissafin yau a kansu ya ke.

Ga misali. Babur yana gudun kilomita 36 a awa. Kilomita 36 mita 36,000 ke nan. Awa ɗaya kuwa sakan 3,600 ce. Sai mu raba 36,000 gida 3,600, domin kowane sakan ya sami rabonsa. Kada yawan sifiri ya ba ku tsoro. Ku soke sifiri biyu a nan, ku soke biyu a can. Saura 360 a raba gida 36. Ya ba mu 10. Ashe babur ɗin nan yana cin mita 10 a kowane sakan.

Ku lura, babur bai ƙara gudu ba, bai rage ba. Kamar hatsi ne, wani ya faɗi yawansa da buhu, wani ya faɗa da mudu. Hatsin yana nan yadda ya ke, ma'auni ne ya sake.

Ba sai kullum mun rubuta dubbai muna sokewa ba. Ga gajeriyar hanya. Ku ɗauki lambar da ke kan maleji, ku ƙara mata sifiri ɗaya a baya, sa'an nan ku raba gida 36. In mota tana 72, ya zama 720, a raba gida 36, mita 20 ke nan a sakan. In tana 90, ya zama 900, a raba, mita 25. In tana 108, mita 30. Waɗanda suka kai ga darasin ɗigo, ko masu lissafi da waya, sai su raba lambar da 3.6 kawai. Amsa ɗaya ce.

Ba kowace lamba ke rabuwa daidai ba. 50 ta zama 500, a raba gida 36, a sami 13, saura 32. Sauran nan ya kusa cika 36, saboda haka mu ce kusan mita 14. Haka 100 ta kan ba da kusan mita 28.

Mutum a bakin hanya ba shi da allo da alli. To, ga dabarar da za a yi da ka. Ku ɗauki rubu'in lambar, ku ƙara masa ushirinsa, watau ɗaya cikin goma nasa. Rubu'in 80 shi ne 20. Ushirin 20 shi ne 2. A haɗa, 22. In kun zauna kun yi na allo, za ku sami 22 da ɗan saura. Ba daidai ba ne cif, amma ya isa.

Akwai kuskure ɗaya da 'yan aji su kan yi ƙwarai, shi ne su ninka inda ya kamata su raba. Wani ya ɗauki 72, ya juya lissafin, ya fito da 259, ya kuwa miƙa wa malam yana murna. Mita 259 a sakan! Ai wannan gudun jirgin sama ne, ba na motar kasuwa ba. Maganin wannan kuskure shi ne ku tuna sakan ɗan ƙanƙane ne. Lambar mita a sakan kullum ba ta kai ta kilomita a awa ba. In taku ta fi ta yawa, ku sake.

Yanzu mu kai lissafin nan bakin kwalta, inda ya ke da aiki.

Hanyar da mota biyu ke giftawa, faɗinta kamar mita 7 ne. Mutum mai lafiya, ba kaya, ya kan yi tafiyar kilomita 5 a awa. Ku juya shi: 50 a raba gida 36, bai cika mita ɗaya da rabi a sakan ba. Watau sai ya yi sakan 5 kafin ya ƙetare. Mace mai goyo da tulu a ka, ko tsoho mai dogara sanda, da ƙyar su ke yin mita ɗaya a sakan. Su sai sakan 7.

To, ga mota tana tahowa a 90. Mun riga mun san mita 25 ta ke ci a sakan. Cikin sakan 5 ta ci mita 125. Cikin sakan 7 ta ci mita 175. Kun san filin ƙwallo na makaranta. Tsawon babba daga raga zuwa raga kamar mita 100 ne. In kun hango motar nan a nisan filin ƙwallo ɗaya, za ku ce ai da saura. Babu saura. Sakan 4 ya kawo ta, mai lafiya ma bai gama fita daga kwalta ba, balle mai goyo. Ita mai goyo, sai in motar tana nesa da kusan filin ƙwallo biyu.

Ido ya kan ruɗi mutum a nan. Abin da ke tahowa sosai wajenka ba ka ganin gudunsa, sai ka ga kamar tsaye ya ke, yana ƙara girma kaɗan kaɗan. Da dare abin ya fi muni, don fitila kaɗai a ke gani. Ƙananan yara kuwa ba su iya kintata gudu ba tukuna, ko da rana. Yaro ya kan ga mota, ya ce zai riga ta. Shi ya sa ba mu yarda a aiki ƙaramin yaro ƙetaren kwalta shi kaɗai ba, ko da sayen gishiri ne.

Masu kiwo su ma su saurara. In garke zai yi minti ɗaya yana ƙetarewa, mota mai 90 tana cin 25 sau 60, mita 1,500, watau kilomita ɗaya da rabi. Motar da za ta iske shanun a tsakiyar hanya, lokacin da na farko ya hau kwalta ko ƙararta ba a fara ji ba. Kada a ƙetare da dabbobi a kwana ko a bayan tudu. A nemi miƙaƙƙen wuri, a sa mutum can gaba a kowane gefe yana ɗaga wa direbobi hannu.

Wani zai ce, ai direba yana da birki. Gaskiya ne, amma birki ba ya kama mota nan take. Tsakanin ganin direba da taka birkinsa a kan yi kamar sakan ɗaya, in ya gaji ko yana hira ya fi haka. A cikin sakan ɗin nan motar ba ta rage kome ba. Bayan ya taka, sai ta ja kafin ta tsaya. Ƙaramar mota mai birki mai kyau, a busasshiyar kwalta, in tana 36 ta kan ja kamar mita 7. A haɗa da mita 10 na kafin takawa, 17 ke nan.

Ga abin mamaki. In gudu ya ninka biyu, jan birki ba biyu ya ke ninkawa ba, huɗu ne. Mai 72 zai ci mita 20 kafin ya taka, sa'an nan ya ja kamar mita 28. Jimla 48. A ce yaro ya faɗo hanya, mota tana nesa da shi da mita 30. Mai 36 ya tsaya, har da sauran fili. Mai 72 kuwa zai iske yaron ko rabin gudunsa bai rage ba. In kwalta ta jiƙe, ko taya ta suɗe, ko tirela ce da kaya niƙi-niƙi, jan ya fi haka nesa. Direban da ya sunkuya duba waya na sakan 3 yana 90, ya yi tafiyar mita 75 kamar makaho.

Dokar hanya ta Nijeriya ta ce ƙaramar mota kada ta wuce 50 a cikin gari. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana cikin masu tsare wannan doka. Mu dai a ganinmu 50 ɗin ma ta yi yawa ran kasuwa, sa'ad da jakuna da 'yan talla suka cika bakin hanya. Mita 14 a sakan ba tafiyar wasa ba ce.

Lissafin yana komawa baya kuma. In kun san mita a sakan, kuna son kilomita a awa, sai ku ninka sau 36, ku raba gida 10. A 2009, a birnin Balin na Jamus, wani mutumin Jamaika mai suna Usain Bolt ya gudu mita 100 bai cika sakan 10 ba. Watau mita 10 da ɗan ɗoriya a sakan, kamar kilomita 37 a awa. Gwanin gudu na duniya ke nan, ga shi babur mai 40 ya fi shi. Saurayin da ke taƙama zai tsere wa mota, a karanta masa wannan.

Sauti ma yana da gudunsa, kamar mita 340 a sakan. Ku ninka, ku raba, za ku sami kilomita 1,224 a awa. Da damina in kun ga walƙiya, ku ƙidaya sakan har ku ji tsawa. Kowane sakan 3 kilomita ɗaya ne tsakaninku da inda ta faɗi.

Gani ya kori ji. Kuna iya auna gudun motocin da ke ratsa garinku da kanku. Ku ari tef wajen tela, ku auna igiya mai mita 10. Ku shimfiɗa ta sau 10 a gefen hanya, ku aje babban dutse a farko, wani a ƙarshe. Mutum ɗaya ya tsaya wajen dutsen farko, nesa da kwalta, ya ɗaga hannu da zarar mota ta gifta shi. Na biyu yana wajen dutsen ƙarshe da agogon waya, yana ƙidayar sakan har motar ta iso. In sakan 5 ta yi, 100 a raba gida 5, mita 20 a sakan, watau kilomita 72 a awa. In sakan 4 ta yi, 90 ke nan. Duk motar da ta ratsa tsakanin duwatsun nan ba ta cika sakan 7 ba, ta wuce 50.

Ku zaɓi ran kasuwa, ku auna mota 20, ku rubuta sakan ɗin kowace da gudunta a takarda, da kwanan wata. An daɗe ana ce wa manya motoci suna gudu a garinmu, su kuma su ce ko'ina haka ne. Takarda mai lambobi ta fi wuyar turewa. Ku kai wa dagaci, shi ya kai gaba, a roƙi a kafa allo, ko a yi tudu a kan hanya kusa da makaranta don motoci su rage gudu. Kafin ku kai, ku kawo takardar aji, malam ya duba lissafin.