Maganin Ƙwari: Asarar Da Ba Ta Shiga Lissafin Manoman Lafiya

Da zarar damina ta faɗi, cinikin maganin ƙwari da na ciyawa yakan kankama a kasuwannin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, da na garuruwan kewaye irin su Doma da Obi da Awe, inda ake noman riɗi da doya da shinkafa da agushi. Tsadar ƙwadago ta sa manomi ya gwammace ya sayi kwalbar maganin feshi da ya ɗauki 'yan noma. To, amma akwai wata asara da ba ta shiga wannan lissafi, wato wadda ke aukawa kan jariran da ba a riga an haifa ba.

Mace mai juna biyu ba sai ta goya famfon feshi maganin ke samunta ba. Sau da yawa ita ke ɗebo ruwan haɗawa, ita ke wanke tufafin maigida bayan feshi, kuma a ɗakin da take kwana ake jibge buhunan waken da aka sa wa magani. Magunguna irin su chlorpyrifos da dichlorvos, wanda aka fi sani da fiya-fiya, suna kashe ƙwaro ne ta hanyar dagula jijiyoyinsa. Sukan shiga jikin mutum ta fata ko numfashi ko baki, su kuma ratsa mabiyiya har zuwa jinin ɗan tayi.

Wani bincike da Jami'ar Columbia ta birnin New York ta wallafa a 2004 ya gano cewa jariran da aka sami chlorpyrifos mai yawa a jinin cibiyarsu sun kasa sauran nauyi da tsawo. Wannan bambanci ya ɓace bayan da Amurka ta hana amfani da maganin a cikin gidaje. Haka nan a 2011, wani binciken a yankin noma na Salinas da ke Kalifoniya ya nuna cewa 'yan shekara bakwai waɗanda iyayensu mata suka fi kwasar irin wannan guba lokacin goyon ciki sun gaza takwarorinsu da maki 7 a gwajin basira.

Su ma 'yan kasuwa abin ya shafi aljihunsu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan dichlorvos da aka samu a cikinsa. A 2019 Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni, sa'an nan a 2023 ta ba da sanarwar haramta paraquat daga Janairun 2024, chlorpyrifos daga Nuwamban 2024, atrazine kuma daga Janairun 2025. Ke nan duk dillalin da ke riƙe da ragowar waɗannan kaya yana kasada da jarinsa.

Matakan kariya ba su da tsada: a nisantar da mai ciki daga haɗa magani da wankin kayan feshi, a daina zuba ruwa ko mai a jarkar da ta ƙare, a kuma adana wake cikin buhunan PICS masu ruɓi uku waɗanda ba sa bukatar magani. Mai shagon da manomi ke tambaya kafin ya sayi kwalba shi ne ya fi kowa damar isar da wannan bayani zuwa gida.