Injin Zarto da Gingimari a Titin Zariya

Wanda ya baro birnin Kano ya miƙi titin Zariya, tun kafin ya hango gadar Tamburawa hancinsa zai gaya masa ya iso 'Yan Katako: ƙamshin ɗanyen itace gauraye da hayaƙin man gas. Kasuwar tana Na'ibawa ne, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, ba nisa da 'Yan Lemo. Yawancin katakon da aka jibge a rumfunanta daga dazukan kudu ake ɗauko shi, su afara da malaina da madaci, a tsaga shi tu-bai-tu da tu-bai-fo domin kafintoci da masu rufin gida. A gefen wannan babban ciniki akwai wani ƙarami da ba a cika lura da shi ba, na masu saran bishiya, waɗanda duk jarinsu inji biyu ne: na yanka da na ɗauka.

Aikinsu yana can gaba, wajen Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya mayar da ƙasar ta shinkafa da alkama da tumatir. Manomin rani ba ya son inuwa a kan fangalinsa. Darbejiyar da ta yi reshe kan gona, mangwaron da ya tsufa ya daina 'ya'ya, turaren da aka dasa a iyaka ya isa yanka, duk sai an kira mai inji. Masu sayen itacen kuwa ba sa yankewa: matan da ke turara shinkafa a Kura, gidajen burodi, masu tuwo-tuwo, da masu gawayi.

Injin da ya yi suna shi ne Stihl 070 na Jamus, mai nauyi, mai ƙarar da ake ji daga ƙauye zuwa ƙauye. Samun na asali sabo ya fi ƙarfin yawancin masu sana'ar, don haka ciniki ya rabu tsakanin ɗan Kwatano da bugun Chana, wanda aka kwaikwayi kamanninsa har launin ruwan goro. Mai sayen inji yakan shiga Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, kuma da wuya ya tafi shi kaɗai. Yakan ja bakanike. Shi bakaniken ba ruwansa da fenti. Zai kama igiyar tayarwa ya ja a hankali, ya ji ko tana turjewa, domin injin da igiyarsa ke zuwa salin-alin ringinsa ya cinye. Zai kwance fulogi ya duba bakinsa: in ya yi baƙi ƙirin da maiƙo, kafireto na zuba mai fiye da kima. Sai bayan nan a shiga taya da albarka, har a kai ga sallamawa.

Abin da ya sa bugun Chana ya ci kasuwa bai tsaya ga araha ba. Fistin ɗinsa da sarƙarsa da kafiretonsa suna nan a kowane shago, kuma bakaniken da ke gyaran injin ban-ruwa a Kura shi ma zai iya buɗe shi. Injin da ya mutu ranar aiki, aka rasa kayan gyaransa sai an aika Legas, ai asara ce ko da na Jamus ne.

Sai dai masu injin su ma suna da hannu a mutuwarsa. Injin zarto fetur yake sha a gauraye da baƙin mai, kuma kamfani ya ƙayyade ma'auni, amma a daji da ido ake aunawa, a murfin jarka. Sarƙar kuma da tsohon man da aka juye daga mota ake shayar da ita. Gwanin ofareta ana gane shi ne da magagari: yakan zauna ya bi haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin karkatarsa. In sarƙa na da kaifi, ɓarzajen itace take watsowa. In ta dakushe sai gari mai laushi, inji na ihu, ba ya ci.

Motar ɗaukar kaya ita ce babban jari, kuma galibi ta wani Alhaji ce, direba na kawo balas. Akwai Kanta da a-kori-kura na gajeren zango, akwai tsohuwar Marsandi 911 mai gajeren hanci da har yau ba ta yi ritaya ba. Titin Zariya ya san manyan motoci tun da daɗewa, domin a kansa kamfanin NTM ya riƙa haɗa motocin Fiat. Ɗanyen itace nauyi gare shi, hanyoyin bakin kanal kuma taɓo ne da damina, rairayi da rani. Shi ya sa direba ke zuwa wurin mai gyaran famfon injekta ya ce a buɗe masa famfo, wato a ƙara yawan man da ke shiga inji. Mota takan yi ƙarfi, ta hau tudu da lodi, amma ta riƙa turnuƙe titi da baƙin hayaƙi, inji na zafi, mai na ƙarewa. Tun da man gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022, maigidan mota ya koma cewa a matse. Bakanike na tsakiya, kowa da abin da yake so ya ji. Bakanike mai gaskiya yakan fara da nozul: ya ɗaura shi a na'urar gwaji, ya danna hannunta, a ga ko feshi yake kamar hazo ko ɗiga yake. Sau da yawa ƙarfin da direba ke nema a famfo a toshasshiyar matatar iska ya maƙale. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya kai irin wannan lissafi ga masu zarto, har kuɗin yanka ya koma a ce maigona ya sayo mai tukuna.

A 2025 gwamnatin Kano ta hana amfani da injin zarto ba tare da lasisi ba, ta ce sai da izini za a sare bishiya, kuma a dasa wasu a madadinta. Dokar na da hujja, ganin yadda ɗorawa da tsamiya da gawo ke ƙarewa a gonaki, ga dajin Falgore da ake ta yi wa ɓarna. Amma a ganina inda gizo ke saƙar shi ne farashi. Rage wa bishiya rassa ba tare da an kashe ta ba ya fi kayar da ita wuya: sai an hau, an ɗaure reshe da igiya, an sauke shi a hankali kada ya faɗa kan katanga ko wayar lantarki. Duk da haka ladansa bai kai na kayarwa ba, domin mai inji da yawan itacen da ya fitar ake biyansa. Yaran da ke hawan ma ba su da ɗamarar tsaro ko hular kwano, kuma a shagunan da ake sayar da injin ba kasafai ake tambayar waɗannan kayan ba.