Tafarnuwa da Ƙwayoyin Cuta: Me Ke Faruwa Idan An Daka Ta?

A unguwar Kumbiya-Kumbiya da ke cikin garin Gombe, da wuya ka shiga gidan da babu tafarnuwa a madafarsa. Ana sa ta a miya, ana kuma sha da zuma idan mura ko tari suka kama mutum. Wannan maƙala za ta duba abin da ke cikin tafarnuwa da yadda yake taɓa ƙwayoyin cuta. Amma da farko, a matsayinmu na ɗaliban harshe, mu lura cewa "ƙwayar cuta" a Hausa ta haɗa bakteriya da bairas, alhali halittu ne daban. Mura bairas ke kawo ta. A nan maganar bakteriya muke yi.

Mai karatu zai lura cewa tafarnuwar da ba a yanka ba warinta kaɗan ne. Dalili shi ne akwai sinadarai biyu a cikinta, aliyin da aliyines, kowanne a ma'ajiyarsa. Da zarar an daka ta a turmi ko an tauna, sai su haɗu su haifar da alisin, sinadari mai ɗauke da farar wuta. Shi ne mai warin nan. Chester Cavallito da John Bailey ne suka fara ware shi a Amurka a shekarar 1944.

Alisin yana ratsa jikin bakteriya cikin sauƙi, sannan ya manne wa sassan furotin ɗinta masu farar wuta, waɗanda take dogaro da su wajen sarrafa abinci da hayayyafa. Idan ya toshe su da yawa a lokaci guda, sai ƙwayar ta tsaya ko ta mutu. A ɗakin gwaji an ga yana hana yaɗuwar Staphylococcus aureus mai kawo maruru, da E. coli, da dangin Salmonella, inda mai kawo taifot take. Wani sinadarin kuma, ajowin, yana katse saƙonnin da bakteriya ke aika wa juna, kamar yadda masana a Kwafanhagan suka nuna a 2012.

To amma kwanon gwaji daban, jikin mutum daban. Zafin wuta yana lalata aliyines, don haka tafarnuwar da ta daɗe tana tafasa a miya ta rasa mafi yawan wannan ƙarfi. Ko ɗanya aka ci, alisin yana sauyawa nan da nan a jiki, ba ya daɗewa a jini. A ganina nan ne haɗarin yake: mai taifot ko kwalara da ya zauna a gida yana haɗiyar tafarnuwa yana ɓata lokacin da ya kamata ya sami ruwan gishiri da sukari da maganin asibiti. Ɗanyar tafarnuwa kuma tana ƙona fata idan aka ɗaure ta a kan miki, kuma mai shan maganin tsinka jini ya tambayi likita kafin ya yawaita cin ta.