Sulusin da Shari'a Ta Bar wa Mai Dukiya

A ƙasar Hausa an san rabon gado sosai, amma wasiyya ba ta samu irin wannan gata ba. Mutum zai shekara arba'in yana tara gidaje da gonaki da shaguna, ya rasu ba tare da ya bar ko layi ɗaya a rubuce ba. In an tambayi dalili, sai a ce ai Allah ya riga ya raba gado. Haka ne, sai dai ayoyin Suratun Nisa'i da suka yanka wa kowane magaji rabonsa su ne kuma suka maimaita cewa rabon yana zuwa ne bayan an fitar da wasiyya da bashi. Wanda ya ƙi yin wasiyya bai ƙara wa shari'a biyayya ba. Ya dai yi watsi da wani haƙƙi da ita shari'ar ta ba shi.

Iyakar wannan haƙƙi sananniya ce. A shekarar Hajjin Bankwana Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya mai tsanani a Makka, ga dukiya, ga 'ya mace ɗaya tak. Ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku, Manzon Allah (SAW) ya hana. Ya nemi rabi, ya hana. Sai ya yarje masa sulusi, tare da tunatar da shi cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙo. Daga nan malamai suka kafa ƙa'ida: wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga wanda zai ci gado sai da yardar sauran magada. Don haka masu cewa wasiyya cutar 'ya'ya ce ba su da hujja, domin kashi biyu cikin uku an riga an kange shi daga hannun mai dukiyar kansa.

Tambayar ita ce: wa sulusin nan zai amfana? Na farko, dangin da lissafin gado ba ya kaiwa gare su. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa ba ya samun komai muddin akwai baffa da rai. Haka agola, haka ɗan riƙo, ko da a hannun mamacin suka tashi. Masar ta ga girman matsalar marayun jikoki har ta wajabta musu wasiyya a dokarta ta 1946. Mu da ba mu da irin wannan doka, takardar kaka ce kaɗai gatansu. Na biyu kuma jama'a: rijiyar burtsatse, ajin Islamiyya, kuɗin karatun marayu, maganin marasa galihu a asibiti. In aka mayar da gida ko shago waƙafi, asalin yana nan, haya tana shiga aikin alheri, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kano suna da hukumomin zakka da waƙafi da aka kafa don riƙon irin wannan amana.

Akwai masu cewa kyauta da rai ta fi. Gaskiyarsu, domin sadakar mai lafiya da ke tsoron talauci ta fi ta wanda ya ga mutuwa ido da ido. Amma yawancin dukiyar mutanenmu ba tsabar kuɗi ba ce. Gidan da ake kwana ne da gonar da ake ci. Mutum ba zai iya bayar da su yau ba, amma zai iya yanka musu makoma. Wasu kuma suna ganin rubuta wasiyya kiran ajali ne. Wannan camfi ne da ya saɓa wa hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda ya nuna bai kamata mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Talaka ma bai tsira ba: akwai bashin da ake binsa, ajiyar da ke hannunsa, zubin adashe, gonar jingina, waɗanda in ya yi shiru sai su zama shari'a tsakanin marayu da maƙwabta.

Abin da ya rage shi ne a yi ta yadda za ta tsaya a gaban alƙali. A rubuta, a sa hannu gaban adilai biyu da ba su da rabo a ciki, a fayyace wane gida ko wace gona, a naɗa wasiyyi mai amana, a sanar da iyali tun ana raye, a sabunta in dukiya ta ƙaru ko ta ragu, domin mai wasiyya yana da ikon sauya ta har ranar mutuwarsa. Limamai da ke yawan huɗuba kan gado ya kamata su ware wa wasiyya Juma'arta, su koya wa jama'a yadda ake rubuta ta.